Tsakanin Rediyo Da Wayar Salula: Shawara Ga Matasan Sae Sabuwa

Duk wanda yake zama da matasa a 'yan shekarun nan, ko a majalisun Katsina da Kano ko a fadojin shan shayi na jihar Maraɗi, ya san akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinsu, wato wai arziki yanzu a cikin waya yake. Za ka ji yaro yana cewa shi ya gama da gona, ya gama da cin kasuwar ƙauye, abin da kawai yake jira shi ne ya sami babbar waya da kuɗin data ya buɗe shafi ya fara kasuwancin intanet. Idan ka tambaye shi me zai sayar, sai ya ce ai wannan mai sauƙi ne, muhimmin abu dai mutum ya sa wa ransa cewa zai yi kuɗi, domin haka ya ji wasu masu wa'azin arziki suna faɗa a bidiyo. Idan kuwa ka kuskura ka ambaci rediyo, to dariya za a yi maka, a ce wannan ai kayan tsofaffi ne da makiyaya.

Mu dai ba mu ga laifin yaro don ya yi dogon buri ba, kuma ba mu cikin masu ganin wayar salula annoba ce. Abin da muke tsoro shi ne kada matasanmu su saki reshe su kama ganye, su raina kafar da iyayensu da masu sayen kayansu suke saurare dare da rana, su zuba ɗan abin da ke hannunsu a kafar da har yanzu mafi yawan mutanen karkara ba su hau ba. Saboda haka ne muka ga ya dace mu ɗauki misali da wuri guda, wato Sae Sabuwa da maƙwabtanta, mu duba abin da ya taɓa faruwa a wannan yanki, domin amsar tambayar tana nan a ƙofar gida.

Ga wanda bai sani ba, Sae Sabuwa ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Gidan Rumji, ba ta da nisa da birnin Maraɗi. Idan aka nausa gabas kuma sai a shiga ƙasar Agiye da Gazawa. Mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Suna noma gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da aya, matansu sun shahara wajen matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ga kuma jar akuyar Maraɗi wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. Ashe ke nan abin sayarwa bai yi ƙaranci ba. Matsalar da kowa ya sani ita ce, manomi yakan sayar da amfaninsa da kaka lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi, saboda bashi da biki da rashin wurin ajiya, sannan ya dawo da bazara ya sayi irin wannan hatsi da tsada. Waɗanda suka ga yunwar shekarar 2005 ba za su manta ba cewa a jihar Maraɗi, wadda ake ɗauka rumbun ƙasar Nijar, hatsi yana jibge a kasuwa amma talaka ba shi da abin saye, yara kuma suna ta cika cibiyoyin kula da tamowa. Wannan shi ne yake kora samari ci-rani zuwa Nijeriya da Agadas da Libiya da wuraren haƙar zinariya, wasu su dawo da ɗan abin hannu, wasu su dawo da ciwo, wasu ko labarinsu ba a sake ji. Don haka maganar yadda ɗan Sae Sabuwa zai tallata kayansa ya sayar da daraja magana ce ta ko zai zauna gida ko zai bi hanyar sahara.

Bari mu fara da batun tunani da aiki, tunda shi ne masu wa'azin arziki suka fi yayatawa. Babu shakka kowane ci gaba daga tunani yake farawa, kuma wannan yanki yana da shaidar haka wadda duniya ta san da ita. A farkon shekarun 1980 gonakin Maraɗi sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi, mata suna tafiyar sa'o'i neman itace. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, mafi yawansu suka mutu. A shekarar 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi, ya tsaya rage iskar tayar motarsa a cikin rairayi, sai ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace shekara ashe tohon kututturan itatuwa ne waɗanda saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, aka kare su daga dabba da gatari, cikin 'yan shekaru za su zama itace. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga tsofaffin manoma, amma an yi watsi da ita, har ta kai ana yi wa mai barin itace a gona kallon malalaci.

To, mai karatu, da wannan tunani ya tsaya a kan mutum ɗaya, da yau babu wanda ya san shi. Abin da ya raya shi shi ne manoma ƙalilan da suka yarda suka gwada a gonakinsu ana yi musu dariya, sannan taron yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a 1984, wanda rediyo ya kai labarinsa ƙauyuka, sannan yunwar wannan shekara da ta sa dubban manoma suka shiga aikin a madadin abinci. Da yunwa ta wuce da yawa sun sare itatuwan, amma waɗanda suka bari sun ga amfanin gawo da kalgo da sabara a gonakinsu, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Ƙauyen Ɗan Saga da ke ƙasar Agiye ya yi suna saboda kwamitocin da mutanensa suka kafa don tsaron itatuwa. Wannan shi ne ake kira sassabin zamani, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. A shekarar 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin. Abin lura a nan shi ne tsakanin ranar da aka yi tunanin da ranar da duniya ta yaba, shekara 35 ce ta gumi da haƙuri. Wanda ya gaya wa yaro cewa buri kaɗai zai kai shi, ya ɓoye masa rabin labari, domin zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Misali na biyu ya fi kusa da batun talla, kuma shi ma Maraɗi tana tsakiyarsa. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Nijeriya, kuma waken yankin nan yana gangarawa ta Ɗan Isa da Jibiya har kasuwar Dawanau ta Kano. Babban abokin gabar wake shi ne ƙwaron da ke huda shi a cikin buhu, wanda cikin 'yan watanni zai mai da shi gari. Saboda tsoron wannan ƙwaro ne manomi yake gaggawar sayarwa, ɗan kasuwa kuma yake barbaɗa magani mai guba. Illar wannan ba a ɓoye take ba, domin a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Masana a Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, sun fito da dabarar buhu mai ruɓi uku tun ƙarshen shekarun 1980 a arewacin Kamaru. Ledoji biyu ne masu kauri a ciki, da buhu na saƙa a waje, a ɗaure kowanne daban. Ƙwarin da ke ciki za su shanye ɗan iskar da ta rage, su daina ci, su mutu, ba tare da an sa ko ƙwayar magani ba. Dabara ce mai kyau, amma kusan shekara ashirin tana kwance, manoma ƙalilan ne suka san ta. Sai a 2007 da aka sami tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates aka fara shirin da ake kira PICS, aka haɗa kai da cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, inda masanin ƙwari Dakta Ibrahim Baoua na Maraɗi ya taka muhimmiyar rawa, wani kamfani a Kano kuma ya shiga ƙera buhunan.

Yadda aka tallata wannan buhu shi ne darasin da muke so matasa su riƙe. An bi ƙauye-ƙauye bayan girbi, a tara jama'a a dandali, manoma su kawo wakensu a zuba a ɗaure a gaban kowa. Bayan wata huɗu zuwa shida a sake taruwa a kwance buhun a bainar jama'a, kowa ya sa hannu ya ɗebo ya duba. A daidai wannan lokaci gidajen rediyo suna ta maimaita saƙon da Hausa da sauran harsunan ƙasa, ta yadda wanda bai halarci taro ba ya ji, wanda ya halarta kuma aka tuna masa. Daga baya aka ɗauki ɗan gajeren bidiyo na yadda ake ɗaure buhun, mutane suka riƙa tura wa juna daga waya zuwa waya ta Bluetooth, tun kafin WhatsApp ya zo ƙauye. Masu binciken da suka bi sawun shirin a Nijar da Burkina Faso sun tarar cewa saƙon rediyo ya ƙara yawan masu karɓar dabarar a kan abin da taron ƙauye kaɗai ya samar. Sun kuma tarar da wani abu mai muhimmanci, wato duk daɗin tallar, idan mai sayar da buhun ya yi nisa da ƙauye, manomi ba ya saye.

Idan muka tattara, za mu ga abu huɗu ne suka haɗu: kaya mai inganci wanda ya warware wata matsala ta gaske, shaidar ido a dandali, muryar rediyo, da hoton waya, sannan aka kawo kayan kusa da mai bukata. Babu wanda ya tsaya gardamar ko rediyo ya fi waya ko waya ta fi rediyo. Kowanne an ba shi aikin da ya iya.

Mene ne aikin da rediyo ya iya? Da farko dai shi ne ya gaji sanƙira da mai shela. Bahaushe mutum ne mai ɗaukar magana daga baki, kuma a ƙasar da manya masu iya karatu da rubutu ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku ba, murya ta fi rubutu isa. Rediyo ba ya bukatar wutar lantarki, wadda mafi yawan ƙauyukan Nijar ba su da ita, batir biyu sun wadatar, kuma ƙaramar wayar da talaka yake riƙewa ma tana kama tashar FM ba tare da an ci masa ko dala ba. Mace tana daka tana ji, manomi ya rataya a reshe yana noma, direba yana tuƙi yana saurare. Sannan ga daɗewar sabo. Tun 1958 aka buɗe gidan rediyon Nijar, a 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu saurare a ƙauyuka, kuma shekara da shekaru mutanen Maraɗi suna kama Rediyon Kaduna kamar nasu. Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka ba da damar kafa tashoshi masu zaman kansu, irin su Anfani da Sarauniya suka buɗe rassa a Maraɗi, daga 1999 kuma aka fara rediyon karkara a Bankilare, wanda yanzu irinsa sun haura ɗari a faɗin ƙasar. A waɗannan tashoshi ne ake jin sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa da cigiyar dabbar da ta ɓata, da farashin hatsi na kasuwanni. Wanda sunansa ya fito a nan, jama'a suna ɗauka cewa sananne ne, yana da gida yana da dangi, ana iya zuwa a same shi. Wannan yarda ita ce jarin da sabon ɗan kasuwa ya fi bukata, kuma ita ce ta fi wuyar samu a intanet.

Amma rediyo yana da iyakarsa, kada mu ɓoye. Magana ce ta iska, in ta wuce ta wuce. Ba ya nuna launin mai, ba ya nuna girman rago, ba a yi masa tambaya ya amsa. Tallar da aka yi sau ɗaya kamar an zuba ruwa a rairayi ne, sai an yi ta maimaitawa, maimaitawa kuwa kuɗi ce. Tashar FM kuma tana da iyakar inda take kaiwa, ba za ta kai muryarka Yamai ko Legas ba.

A nan ne waya take shigowa. Tun kafin a san intanet a ƙauye, wayar salula ta riga ta canza kasuwar hatsi a Nijar. Kamfanin Celtel ya fara aiki a 2001, kuma wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili kuwa a fili yake, ɗan kasuwar da a da sai ya hau mota ya je ya ga farashi, yanzu kira ɗaya ya ishe shi. Yau abin ya wuce nan. Da WhatsApp mai kiwo zai ɗauki bidiyon ragonsa ya tura wa dillali a Yamai, wanda bai iya rubutu ba ya yi saƙon murya, a yi ciniki a gama, a turo kuɗi ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana, a ɗora kaya a mota. Da Facebook ko TikTok mai man gyaɗa za ta iya kaiwa ga 'yan Maraɗi mazauna Kwatano ko Abijan waɗanda suke marmarin kayan gida. Wannan dama ce da iyayenmu ba su samu ba, kuma wauta ce a ƙi ta.

Sai dai ita ma wayar tana da nata ciwon. Mafi yawan 'yan Nijar har yanzu ba sa hawa intanet, kuma a cikin gida ɗaya ma sau da yawa maigida ko saurayi ne ke da babbar waya, matan da su ne masu sayen mai da sabulu da kayan miya ba su da ita. Data kuɗi ce, cajin waya kuɗi ne, layi kuma yakan ɗauke. Wanda ya buɗe shafi yau ya shiga kasuwar da miliyoyin mutane suke ihu lokaci guda, kuma yawan masu danna alamar so ba shi ne yawan masu saye ba. Mafi muni shi ne rashin amana. Kowa ya san wanda aka nuna wa hoton kaya mai kyau aka aiko masa da wani abu daban, ko wanda ya tura kuɗi aka rufe layi. Mun ga yadda MMM ta durƙushe a Nijeriya a ƙarshen 2016 da kuɗin jama'a, kuma har gobe irinta suna sake fitowa da sabon suna, suna farautar yaran da aka cusa wa cewa ana yin kuɗi ba tare da an sayar da komai ba. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Wani zai ce ai su ma gidajen rediyo ba tsarkaka ba ne, kuma gaskiyarsa. Muna jin yadda ake sayar da fili ga masu maganin da wai yana warkar da cuta arba'in, daga basir har ciwon suga, ana ta kururuta shi da kalaman da ba su dace a ji a gaban yara ba. Duk tashar da ta mai da wannan abincinta tana cin amanar da aka ba ta ne, kuma ranar da mai saurare ya daina yarda da talla, mai kayan gaskiya ma ya shiga uku. Muna sane da cewa ƙananan tashoshi suna fama da kuɗin man janareto da albashin ma'aikata, amma maganin wannan shi ne su jawo ƙananan 'yan kasuwa masu yawa da farashi mai sauƙi, maimakon dogaro da 'yan tsirarun masu maganin ƙarya.

Wani kuma zai ce talla a rediyo ta fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Idan mutum ɗaya ne, haka ne. Amma matan yankin nan sun daɗe da sanin adashi da asusu, kuma a nan jihar Maraɗi ne aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, tsarin da daga baya ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Matan da suka iya tara kuɗi mako-mako su ba junansu rance, ba zai gagare su haɗa kuɗin sanarwar minti ɗaya ba. Mu ɗauka mata ashirin masu man gyaɗa a ƙauye ɗaya sun yarda da suna ɗaya, da kwalba iri ɗaya mai tsabta, da ma'auni ɗaya wanda ba a tauyewa. Sai su sa sanarwa a tashar da ta fi kusa da su, a daren jajibirin kasuwa da safiyarta, a faɗi sunan ƙungiya, a faɗi rumfar da za a same su, a maimaita lambar waya sau biyu a hankali. Wayar kuma a damƙa ta ga wani yaro ko yarinya mai ilimi daga cikin 'ya'yansu, shi ne zai amsa kira, ya tura hoto, ya rubuta oda a littafi, ya bi kaya tasha, a riƙa ba shi ladansa a kan kowace jarka. Ga aikin yi ya samu ga matashin da ke son kasuwancin intanet, kuma a wannan karon yana da abin sayarwa. Haka za a iya yi da wake da aka adana ba magani, da aya, da ragunan layya, da itacen da aka samu daga sassabin zamani.

Akwai kuma abu ɗaya da 'yan kasuwarmu ba su cika yi ba, wato auna tallar kanta. Duk wanda ya kira ko ya zo rumfa, a tambaye shi a ina ya ji labari, a rubuta. Bayan wata biyu littafi zai nuna ko kuɗin rediyo ne yake dawowa ko na data, ko kuwa bakin maƙwabciya ne ya fi su duka aiki. Da wannan ne za a san inda za a ƙara da inda za a rage, a daina zuba kuɗi don kawai a ji suna ya fito.

Kiranmu ga gidajen rediyon jihar Maraɗi shi ne su ware fili na mako-mako mai rahusa domin ƙungiyoyin mata da matasa, su kuma riƙa yanka sanarwar su ba mai ita a waya domin ya yaɗa ta a WhatsApp, ta yadda kuɗi ɗaya zai yi aiki biyu. Su tace abin da suke karɓa, su nemi shaidar hukuma kafin su tallata magani. Ga shugabannin Sae Sabuwa da Agiye da Gazawa da sauran ƙananan hukumomi, muna ganin taimakon da ya fi rabon kayan da ake yi gaban kyamara shi ne a gyara hanyoyin da ke kai kaya bakin kwalta, a sa wutar sola da wurin cajin waya a kasuwanni, a kuma tsaya a kan gaskiyar tiya da sikeli. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi tana da ɗalibai 'yan waɗannan ƙauyuka, me zai hana a riƙa tura su lokacin hutu su koya wa ƙungiyoyi lissafin riba da ɗaukar hoton kaya? Kada mu manta cewa a watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Duk ranar da jirgi ya fara zirga-zirga, wanda ya riga ya yi suna kuma aka san lambarsa shi ne zai ci moriya, sauran kuwa za su ci gaba da sayar wa dillali a bakin gona. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga ƙarshe, ya ku matasa, ba mu ce ku daina mafarki ba. Ku yi tunanin ganin man gyaɗar ƙauyenku a kantunan Yamai da Kano da sunan garinku a jikin kwalba, wannan buri ne mai kyau kuma mai yiwuwa. Amma gobe da safe ku je ku zauna da iyayenku mata ku ji nawa suke sayen tiyar gyaɗa, nawa take ba da mai, nawa ake saye a kasuwa. Ku je tashar rediyo ku tambayi kuɗin sanarwa, ku nemi ragi. Ku fara da jarka biyar, ku cika alkawari ga mutum biyar ɗin farko ko da za ku faɗi, domin su ne za su kawo muku na shida. Manoman da suka bar tohon gawo a gonakinsu a 1984 ba su da waya, da yawansu ko rediyon ma na maƙwabci suke saurare, amma yau jikokinsu suna shan inuwa. Ku kuna da rediyon, kuna da wayar, kuna da ƙarfin jiki. Allah Ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba.